Motar da Tsoho Ya Ƙi Ragewa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Wannan ban da ja a kansa. Abin da nake da ja a kansa shi ne maganganun da na ji 'yan gaisuwa suna yi a kan kakana, mahaifin babana, wanda duk gidan muke ce wa Tsoho.

Mata sun cika tsakar gida, kowace ta shigo sai ta ce, "Allah ya jiƙan mai motocin yara. Mutum mai son yara." Wata har da share hawaye. Ƙarya ce. Tsoho bai taɓa ba wani yaro mota ba. Yaron da ya miƙa hannu kan kantar motocinsa sai ya sha ranƙwashi, ko da jikansa ne. Ni na sha, na san zafinsa.

A waje kuma maza suna ta cewa, "Bawan Allah, ya sha fama da wannan matacciyar mota, yanzu ya huta." Suna faɗa suna jingine da ita, wasu ma sun ɗare kan tamfol ɗin da aka lulluɓe ta da shi don tabarma ta yi kaɗan. Rumfar Tsoho a jikin katangarmu take, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida, don haka duk ina ji. Na ga wani ɗan gwangwan, cikin masu sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli, ya zo ya durƙusa ya yi wa Baffa gaisuwa da kyau, da zai tafi sai ya ƙwanƙwasa gefen motar da bayan yatsa, kamar mai zaɓen kankana. A nan na san inda aka dosa.

Baffa shi ne babban ɗan Tsoho. Bai ɓoye ba, ya ce bayan sadakar arba'in za a raba gado, mota kuwa ba ta rabuwa sai an mai da ita kuɗi. Ni ba ni da bakin magana. Babana ya riga Tsoho rasuwa tun ina goye, saboda haka ko allura ba ni da ita a gadon. A gidan na tashi, ni na fi kowa shan hayaƙin rumfar, amma jika ce. Abin da nake so bai da yawa: a bar wani abu guda da hannunsa ya taɓa. Shi ya sa nake wannan rubutu, don ku ji yadda aka yi, kuma ku san wane ne aka binne.

Tsoho bakanike ne, amma ba irin na bakin tasha ba. Ba ya taɓa motar zamani. In aka kawo masa mai kwamfuta sai ya ce, "Ku kai ta asibiti, ni ba likita ba ne." Shi nasa tsofaffi ne, motocin da aka daina yayinsu tun iyayenmu suna yara, waɗanda suka shekara da shekaru a gindin bishiya kaji suna ƙwai a kujerarsu. Akwai wadda aka janyo masa daga Sandamu, ciyawa ta fito ta cikin ƙasanta, gilas babu, ɓera ya cinye waya. Ya zauna mata. Ya kankare tsatsa da hannu, ya buge lotsawa da ƙaramar guduma, ya ɗinka kujeru, ya haɗa fenti har sai da ya dace da ɗan ragowar launin da ya samu a ƙarƙashin hannun ƙofa. Ranar da ta tashi ya sa farar riga ya zaga Daura da ita a hankali, tsofaffi suna miƙewa daga dakali suna kiran sunayen mutanen da suka mutu da daɗewa, waɗanda suka taɓa hawan irinta.

Amma ba kowace ke tashi ba. A nan ne ƙananan motocin suka samo asali, kuma a nan ne duk 'yan gaisuwa suka ɓata. Tsoho yakan ce, "Wadda na iya, na tashe ta. Wadda ta fi ƙarfina, na rage ta." In mota ta gagare shi, kafin a tafi da ita sai ya yanki falle guda daga ƙofar direba. Da wannan ƙarfen nata, da fentinta na asali, zai ƙera 'yar ƙaramarta. Ba ya kintace. Ɗani guda a jikin babba, faɗin yatsa guda a jikin ƙarama, haka yake aunawa da kara tun daga hanci har wutsiya. Taya daga tsohon silifas, fitila daga gindin kwalbar allura, sitiyari da wayar birki. Ƙofofi suna buɗewa. In babbar tana da lotsawa a gefen hagu, sai ya lotsa ƙaramar a daidai wurin. In an rubuta wani abu a bayanta, sai ya rubuta da tsinken tsintsiya.

Na taɓa ce masa, "Tsoho, tunda kai ke yi, me zai hana ka yi ta sabuwa fil?"

Ya ce, "In na gyara mata fuska, mai ita ya zo ya gane ta da me? Ke in na zana ki ai da wannan bakin naki zan zana ki."

Don haka wannan kanta ba shagon wasan yara ba ce. Kowace mota a kanta ta wani ce, kuma ta mutu a hannunsa. Yakan goge su duk Juma'a kafin ya tafi masallaci, ba ya magana in yana yi.

Ni da shi wasan jika da kaka muke. Amarya yake ce min, in na ba shi haushi kuma Wutar Kara, wai na fiye ci da sauri in mutu. In na kai masa abinci sai ya ce, "Amarya, wannan miya ce ko ruwan lagireto?"

"In ba ka so, mijin wahala, miƙo. Wa zai zauna da namijin da motarsa ba ta tafiya?"

"Zan sake ki in auro wadda ta iya riƙe sifana."

"Sake ni mana. Ka ga ko za ka samu mai wanke maka rigar baƙin mai."

Iya, matarsa, kakata, tana daga ɗaki za ta ce, "Ku dai ku ƙarata, ni na gaji da raba ku."

Ya so ya koya min. Ya ba ni gwangwanayen madara da almakashin ƙarfe, ya ce in bi layin da ya zana da ƙusa. Na yanka biyu suka karkace, na uku ya yanke min yatsa, na watsar na tashi. Ya ce, "Ƙarfe ba a yi masa tsawa, lallashinsa ake." Na ce ni ina da jarrabawa, ba ni da lokacin lallashin gwangwani. Bai sake tayar da maganar ba. Baffa da sauran 'ya'yansa kuwa tun can ba wanda ya tsaya, kowa ya kama kasuwarsa.

Akwai wani tsohon direba daga Mashi da ba zan manta ba. Motarsa ta lodi ta faɗa rami da damina, aka janyo ta rumfarmu. Tsoho ya yi iya yinsa, ta ƙi. Ya rage ta, koriya, da "Rabo sai mai shi" a bayanta. Direban ya roƙa a ba shi ya kai gida, Tsoho ya hana. Ya ce, "In ka kai ta gida, jikokinka za su ɗaura mata zare. Nan za ta zauna, kai kuma ƙofa a buɗe take." Tun daga nan duk sanda ya shigo Daura sai ya biyo. Tsoho zai sauko da ita ya ajiye masa a kan benci, ya sa in kawo fura, shi kuma ya fita waje kamar yana da abin yi. Na taɓa leƙawa. Dattijo da furfura yana buɗe 'yar ƙofa da farce yana rufewa, yana buɗewa yana rufewa. Ban yi dariya ba, ni da ba na barin abin dariya ya wuce.

Mota ɗaya ce tak ta gagare shi ya ƙi rage ta: tasa. A-kori-kura ce shuɗiya, wadda ya yi lodin kasuwa da ita tsakanin Daura da Babban Mutum tun yana da ƙarfinsa. Iya ta ce a cikinta babana ya koyi tuƙi, yana ɗora matashi a kujera don ya hango gaba. Tsoho bai taɓa faɗa min wannan da bakinsa ba. Ni dai tun da na yi wayo a kan bulo na san ta. Ya yi mata komai. Jiki ya gyaru, fenti yana ƙyalli, kujera sabuwa. Inji ne ya ƙi. Kullum saura abu ɗaya. In ya ji labarin wani ya ga irinta a wani kango, ko a tsallaken iyaka ne, sai ya hau babur ya tafi, ya dawo da wani guntun ƙarfe a aljihu yana murna, ya ɗaura, ya ƙi shiga, ko ya shiga wani ya lalace.

Sau ɗaya ta yi tari. Ina wanke-wanke na ji wani gurnani, baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfa, agwagin Iya suka watse. Kafin in tsame hannu daga ruwa ta yi shiru. Tsoho ya fito fuska duk baƙi yana cewa, "Kun ji ta? Iya, kin ji ta?" A kan wannan tari guda ya rayu shekaru.

Daga baya hannunsa ya fara rawa. Cokali yana kaɗawa kafin ya kai baki. Aka sa masa ranar ganin likita, aka sa ni in raka shi. Na shirya tun da safe, na zo rumfa, babu Tsoho. Ya tafi Babban Mutum, wai an ga kafireta. Ya dawo da la'asar a galabaice, kuma ba irinta ba ce. Ana zaune ana cin abinci, Baffa yana nan, Gwaggo ƙanwarsa tana nan, na ce wa Tsoho, "Tsoho, motar nan ta mutu. Kowa ya sani, kai ma ka sani. Ka yanke ta ka rage ta kamar sauran, ka huta mu huta."

Ya ajiye cokali, ya wanke hannu, ya tashi. Gwaggo ta ce, "Ke wace irin yarinya ce, bakinki ba linzami?" Na ce gaskiya na faɗa. Har yau ban janye ba, gaskiya ce.

Bai zage ni ba. Abin da ya yi ya fi zagi: ya daina ce min Amarya. Sunana na yanka ya koma kira, cikakke, kamar malamin aji. Na kai abinci, "Na gode." Ba ruwan lagireto, ba saki. Muka ɗauki watanni a haka. Sai wata rana ina wucewa na ji ya ce, "Amarya, zo riƙe min nan, hannun nan ya zama na mai kaɗa kalangu." Na riƙe masa noti ya ɗaure. Shi ke nan, ba wanda ya ba wani haƙuri. Amma na lura tun bayan Babbar Sallah ya lulluɓe motar da tamfol ya ɗaure da igiya, ya ce damina yake gudu. Bai sake buɗe ta ba har ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba.

Ranar sadakar uku ina bayan gida ina suyar ƙosan sadaka, sai na ji ƙarar da na sani tana tashi daga lungu, ƙarar 'yan tayoyi a kan tsakuwa, da ihun yara. Na bar kasko a wuta na fito. Kanta wayam. Gwaggo, ƙanwar Baffa, tana tsaye da tsintsiya tana share yanar da ke bayan wurin.

"Gwaggo, ina motocin?"

"Na raba wa yara sadaka. Sun dame mu da kuka, kuma ladan ya isa kabarinsa. Kin ga yadda suke murna kuwa?"

"Ba na wasa ba ne!"

"To na mene ne? Na hawa? Ke rufe min baki, ubana ne kafin ya zama kakanki."

Abin da ya fi ci min rai, da zuciya ɗaya ta yi. Tun da aka kai ta ɗaki ba ta taɓa zama a rumfar ba, ba ta san komai a kansu ba sai cewa uban yana son su, ita kuma tana so ta aika masa da lada da abin da ya fi so.

Na bi lungu da gudu ba ko takalmi. Na tarar da wani ya riga ya huda gilashin gaban wata fara ya zura zare. Na fizge, ya fasa ihu, uwarsa ta fito daga cikin 'yan gaisuwa. Ta ce, "Haba 'yar nan, an taɓa karɓe sadaka? So kike ki janye wa mamaci ladansa?" Mata suka taru, kowa da abin da take faɗa. Har Iya aka kai wa ƙara tana cikin takaba. Na mayar wa yaron motar. Sauran kuwa sun bi baƙi, wasu Sandamu, wasu ƙauyukan da ban san sunansu ba.

Bayan kwana biyu sai ga direban Mashi, labari bai kai masa da wuri ba. Ya yi gaisuwa a waje, sannan ya tsaya a ƙofar rumfa ya yi sallama kamar mai wurin yana ciki. Na fito. Ya ce, "Jikanya, ya haƙuri? A ɗan sauko min da ita in gani, in ya so ko ba a ba ni ba." Na nuna masa kanta. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Koriya ce, da rubutu a baya." Na ce na sani, Baba. Ya ce, "To. To, Allah ya sa can ta fi nan." Ban san ko Tsoho yake nufi ko motar ba. Ya tafi bai sha ruwan da na kawo ba, kuma bai sake dawowa ba.

Saura a-kori-kura. Na je wa Baffa har shagonsa. Na ce a bar ta a inda take, ba ta ci ba ta sha. Ya ce, "Akwai masu ƙaramin ƙarfi a cikin magada, akwai mata. Haƙƙinsu zan bari ya yi tsatsa don ke kina jin daɗin kallonta?" Na ce to a nemi mai son tsohuwar mota ya saya ɗungurungum. Ya ce ya tambaya, duk wanda ya ji shekarun da ta yi ba ta tashi ba, kuma a hannun Tsoho, sai ya ce in shi ya kasa wa zai iya. Sunan da Tsoho ya yi ne ya kashe ta. Na juya na koma gida.

Bayan arba'in ɗan gwangwan nan mai ƙwanƙwasa ya dawo da yaransa da abin yankan wuta. Na tsaya a ƙofar cikin gida. Suka kwance igiya suka yaye tamfol.

Ƙofar direba da rami. Falle guda an yanke, murabba'i, gefensa a karkace kamar wanda aka yi da kyar.

Baffa ya ce, "La'ilaha! Ɓarayi har cikin rumfa?"

Ɗan gwangwan ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ɓarawon nan bai san aiki ba, ya bar batir ya ɗauki kwano. Ko da yake ya rage mana nauyi."

Ni na san wannan yanka, a kan ƙofofi da yawa na gan shi. Na juya na faɗa ɗakin Iya ba sallama.

"Iya, yaushe ya yanke?"

Ba ta tambaye ni me ba. Ta ce, "Rufe ƙofa." Ta ɗaga katifa ta janyo wani abu a naɗe cikin tsohon rawaninsa. "Washegarin Babbar Sallah, duk kun tafi yawon gaisuwa. Tun hantsi yake yi har azahar, ni na riƙe masa ƙofar."

"Me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ya ce kar Amarya ta ji, za ta ce ta ci shi."

Na buɗe. Fallen shuɗin ƙarfe ne, a shimfiɗe, ba a lanƙwasa ko'ina ba. A bayansa ya fara zana ta da ƙusa. Layukan hanci da na bonet sun tafi sak, irin nasa. Daga wajen ƙofa suka fara rawa. Na baya sun hau kan juna, wani ya zame ya fita gefe, ya sake wani a kusa da shi, shi ma ya zame. Daga nan babu komai.

Iya ta ce, "Kullum bayan azahar sai ya ce in miƙo masa. Ya riƙe ƙusa ya yi ta kallo, sannan ya ce in mayar."

Na ce, "Baffa zai ce wannan ma gado ne."

Ta ce, "Ki gaya masa na ɗauki tumunina na gadon miji."

A lokacin suka kunna wutar a rumfa. Ba za ku so jin ƙarar ba. Kafin la'asar sun loda ta gunduwa-gunduwa sun tafi, aka bar bulo huɗu da tabon baƙin mai a ƙasa. Babu sauran babbar da za a auna da kara, babu ƙofa ta biyu da za a sake yanka in an ɓata wannan.

Na ɗauki fallen na kai kasuwa wajen masu ƙera bokiti da murhu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babbansu ya san Tsoho, ya yi masa addu'a, ya juya ƙarfen ya duba zanen da kyau. Ya ce, "'Yata, gaban na gane, bayan ne ban san wane layi zan bi ba. Kuma mu ba aikinmu ba ne. Amma ƙarfe ne mai kyau, na da. In kina so zan fitar miki da murfin tukunya biyu." Na naɗe abina.

Almakashinsa yana wurina, shi ba wanda ya nema. Na sha ɗauko shi in ɗora a kan layin farko, in tuna gwangwanaye uku da na ɓata, in mayar. Fallen yana ƙarƙashin katifar Iya. Gefen da ya yanka ya fara tsatsa, ina shafa masa man gyaɗa duk Juma'a, tsatsar tana ci gaba da abinta. Jiya na ga hancin wata 'yar jar mota a cikin kwata a bakin lungunmu, ba taya, ba ƙofa. Na san ta, amma na kasa tuna ta wa ce, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙanka, Tsoho, mijin wahala. Allah ya yafe maka, ya haskaka makwancinka, ya saukar da kai inda ba a yawon neman kayan gyara. Iya ta gaya min abin da ka ce. Ban ci ka ba.